Liyari mai 1780: kada shekarar ta ruɗe ku

Ƙannena masu sha'awar tara tsofaffin kuɗin azurfa, kuskuren da ya fi cin mana kuɗi a farkonmu shi ne yarda da shekarar da ke jikin liyari, kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza. Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a Biyana, daga baya har a Rum, Landan, Faris da Bombai. Saboda haka idan dillali a kasuwar Garwa ko Marwa ya ce muku nasa ya haura shekara ɗari biyu, shekarar ba hujja ba ce. Ku yi ciniki a kan azurfarsa.

Kada ku je kasuwa ba ƙaramin sikeli. Liyari na gaske giram 28 ne, faɗinsa kusan milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Wanda ya sha hannu yakan ɗan rage nauyi. In ya faɗo zuwa giram 25, ku ajiye wa mai shi abinsa. Maganaɗisu na tona asirin baƙin ƙarfe kawai, tagulla da aka shafa wa ruwan azurfa ba ta kama shi. A nan da yawanmu muka sha ƙasa. Ku duba baki: na gaske yana da rubutu a kewaye, tsaf. Na jabu da aka yi da zubi rubutunsa a dushe yake, da layin haɗi da 'yan ramuka kamar na ƙuraje. Ku ɗora shi a kan yatsa ku ƙyasta, azurfa tana jan ƙara.

Mak ɗin Jamus, da ya shigo zamanin mulkinsu a Kamaru, shekararsa gaskiya ce. Mak ɗaya giram 5.5 ne, harafin A kusa da wutsiyar gaggafa na nufin Balin aka buga shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne goge kuɗi da toka ko lemun tsami. Baƙin nan da ke kansa shi masu tarawa ke nema, kuma ƙarzar toka ba ta gyaruwa. Ruwa da sabulu sun isa. Kada ku bar maƙerin fari ya kankare gefe don gwaji. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙar amarya, kuɗin azurfarsa kawai za ku biya. Wajen ajiya, kowanne da takardarsa. Leda mai laushi tana sa shi kore in damina ta yi.