Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin Haske

Makon jiya na tsaya a kan komawata aiki a sashen fata na asibiti bayan rasuwar Baba. Shekarun da suka biyo baya zan tsallake su. Yau ɗakin haske nake so mu shiga, inda ake yi wa masu ciwon fata magani da hasken fitila, saboda yawan masu tambayata kan albaras, da kuma maganar Goggo da har gobe ban huce a kanta ba.

Kun san yadda auren ƙanwarmu ya watse. An sa rana, an kawo lefe, dangin miji suka ga farin tabo a gefen idonta, Goggo da bakinta ta ce kuturta ce. Albaras ba kuturta ba ne. Tabon kuturta dushi-dushi yake, kuma in aka rufe wa mutum ido aka shafa masa auduga a wurin, yawanci ba ya ji. Tabon albaras fari ne fat, yana jin taɓi sarai, ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa. Garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Shi kuwa ƙyasbi daban yake, man shafawa ko ƙwaya ke maganinsa, ba ya buƙatar haske. Da Goggo ta nemi auduga ta sisin kwabo, da ba a yi abin da aka yi ba.

Injin da ake aiki da shi akwati ne da mutum ke shiga a tsaye, an jera dogayen ƙwayayen fitila a bangonsa. Waɗanda aka fi amfani da su su ne TL-01 na kamfanin Philips, masu fitar da siririn hasken UVB, wato irin hasken cikin rana da ido ba ya gani kuma yake ƙona fata, mai tsawon zango nanomita 311 zuwa 313. Wannan hasken yana kwantar da garkuwar da ke yaƙar fata, yana kuma zaburar da ƙwayoyin launi da suka rage a gindin gashi. Da shi ake yi wa albaras, da ciwon nan mai kauri da ɓawo da likitoci ke kira soriyasis, da kirci mai taurin kai, da ƙaiƙayin masu ciwon ƙoda.

Babbar sistar da ta koya mana aikin, Allah Ya jiƙanta, kullum cewa take: "'Ya'yana, fata ba ta mantuwa, ku rubuta." Kowane mai jinya da katinsa, kowane zuwa da adadin hasken da ya sha. Ga mai albaras ana farawa da milijul 200 (ma'aunin yawan hasken da fata ta sha) a kan kowane murabba'in santimita, sau biyu ko uku a mako, ba a jere ba. Kowane zuwa a ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, har tabon ya yi ja-ja kaɗan wanda zai washe kafin awa 24. Nan ake tsayawa. In jan ya kai kwana biyu ba a ƙari. In akwai zafi ko bororo, a dakata har ya warke, a koma ƙasa. Fuska ba a wuce mata milijul 1,500, jiki 3,000.

Inda aka fi ƙona mutane shi ne wajen lissafin lokaci. Adadin haske ake raba wa ƙarfin fitila. Fitilar da ke ba da miliwat 5, wato milijul 5 a kowace daƙiƙa, tana buƙatar daƙiƙa 40 ta cika milijul 200. Fitila tana tsufa, ƙarfinta na raguwa, ana ta ƙara lokaci. Ran da aka sa sababbin ƙwayaye masu miliwat 10, aka bar tsohon lokacin, mutum ya sha ninki biyu ke nan. Kuma ba a nan take ake gani ba, sai dare ya yi yake fara jin raɗaɗi. Don haka ake auna fitila da mita duk lokacin da aka taɓa ta. Haka in wuta ta ɗauke ana tsakiyar haska mutum: a rubuta daƙiƙun da ya riga ya sha, in janareta ya tashi a cika ragowar kawai, kada a faro daga farko.

Sai fashin zuwa. Bikin dangi, tafiya, kuɗin mota, duk suna hana zuwa. Wanda ya yi kwana 4 zuwa 7 bai zo ba, a maimaita masa na ƙarshe. Kwana 8 zuwa 14, a rage kashi 25. Kwana 15 zuwa 21, a rage rabi. Ya haura haka, a koma 200. Wasu har faɗa suke, wai an mayar da su baya. Ni ban taɓa sassautawa a nan ba, kuma ina alfahari da hakan.

Ana shiga da tabarau na musamman. Namiji ya rufe al'aurarsa, domin fatar wurin ta fi saurin kamuwa da sankara. Tufar da aka saba shiga da ita ita ce ta kullum, gashi a ɗaure shi yadda aka saba. Mace ta sauya kitso, wuyan da bai taɓa ganin haske ba ya buɗe ga adadin hasken da aka kai bayan wata uku, ya ƙone. Ba turare, ba man kare rana, ba man bilicin. Mai ɓawo kaɗai ake shafa wa farin mai marar ƙamshi, don haske ya ratsa. Kullum a tambayi sabon maganin da mutum ke sha, domin doxycycline da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna sa fata saurin ƙuna. Zabiya da mai ciwon lupus, wanda garkuwar jiki ke yaƙar jikin da kanta, ba sa shiga wannan ɗaki sam.

Akwai tsohuwar hanya, PUVA, wato a sha ƙwayar da ke sa fata saurin karɓar haske sannan a haska mutum da UVA, wani nau'in hasken daban da UVB. Tushenta Masar ne, inda aka daɗe ana yi wa albaras magani da wani tsiro na bakin Nilu, Ammi majus. A ƙarshen shekarun 1940 likita El Mofty na Alƙahira ya yi aiki da sinadarin da aka tace daga cikinsa, a 1974 kuma likitocin Boston suka haɗa shi da fitilar UVA mai ƙarfi. Ana shan ƙwayar awa biyu kafin haske, tana sa tashin zuciya, sai an wuni da tabarau, ƙunarta kuma sai bayan kwana biyu zuwa uku take nunawa. Shi ya sa aka fi komawa ga UVB. Irin wannan sinadarin yana cikin lemon tsami. Goggo ce dai ta sa aka riƙa goga wa ƙanwarmu lemon ana zaunar da ita a rana bayan an fasa auren, har wurin ya yi bororo. Baƙin tabon yana nan a kumatunta. Sista ta faɗa, fata ba ta mantuwa.

Masu cewa ai rana ta ishe mu a ƙasar nan, ku gaya min wa zai auna ranar Afrilu da ta hunturu, ya ce ga milijul ɗin da aka sha.

Sauƙi in zai zo, da ɗige-ɗige yake farawa a gindin gashi, kamar an watsa gero a kan tabon, sannan su haɗe. Yawanci tsakanin zuwa na 18 da na 36 ake fara gani, kuma ba a cewa bai yi ba sai an kai 48. Fuska da wuya sun fi karɓa. Yatsu, leɓe da ƙafa suna da wuyar gaske, haka tabon da gashinsa ya yi fari, don rumbun launin ya ƙare. Wannan ake gaya wa mutum tun ranar farko, kafin ya sayar da akuyarsa. Ƙanwarmu a fuska nata yake, irin wanda ya fi karɓa, kuma a lokacin ba wanda ya kai ta ɗakin haske.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan rabon gidan Baba da abin da Kawu ya ce a gaban mutane.