Minti ɗaya cur

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya aka tura mu ɗakin yara na wani asibiti a nan Kaduna. Tsakiyar hunturu ne, hazo ya lulluɓe gari har direbobi na kunna fitila da hantsi, kuma duk gadon da ka wuce tari kake ji.

Wajen ƙarfe biyu na dare aka kawo wani yaro ɗan wata takwas daga Rigasa. Na maƙala masa na'urar auna oksijin a babban yatsan ƙafa, ta nuna kashi 94 cikin ɗari, lambar da ba ta tayar mini da hankali ba. Zafin jiki na auna tsakani da Allah. Numfashi kuwa, kallon cikinsa kawai na yi na rubuta 36 a minti, don barci nake ji kuma lambar ta yi kama da ta mai lafiya.

Sista ta ɗauki takardar ta dube ni ta saman tabarau. "'Yata, wannan 36 ɗin ƙirgawa kika yi ko a mafarki aka ba ki?" Ban ce uffan ba. Ta cire agogon da ke maƙale a rigarta ta miƙo mini, ta ce da uwar, "Baiwar Allah, ɗaga masa riga, ki bar shi a cinyarki kada ya yi kuka." Na ƙirga minti ɗaya cur, na samu 58. Sai a lokacin na lura duk sanda ya ja numfashi ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki. Nimoniya ce, wato ciwon huhu. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri ƙasa da wata biyu in ya kai 60 a minti numfashinsa ya yi sauri, daga wata biyu zuwa shekara 50, daga shekara zuwa biyar 40. Na haddace wannan don jarrabawa, ga shi a gabana ban gane shi ba.

Kunyar daren ce ta mayar da ni kan littafi, kuma lissafi ɗaya ne ya zauna mini. Babban mutum yana jan iska kamar mililita 500 a kowane numfashi, amma kusan 150 daga ciki a hanci da maƙogwaro da bututun iska take tsayawa, ba ta kaiwa ƙananan jakunkunan huhu inda jini ke karɓar rabonsa. To, wanda ya ja 500 sau 12 da wanda ya ja 250 sau 24, dukansu lita shida suka shaƙa a minti. Amma na farko 4,200 ce ta isa inda ake bukata, na biyu 2,400 kacal. Wato mai haki sama-sama ya fi wahala, kuma ya fi ƙaramin rabo. Tun daga ranar, in na ga ƙirji na rawa da sauri ba na cewa ai yana samun iska.

Wani abin da na daɗe ban fahimta ba shi ne, a mai lafiya ba ƙarancin oksijin ne ya fi tunzura numfashi ba, taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ce a cikin jini. Na'urar yatsa kuwa ba ruwanta da wannan. Mutum zai iya yin sa'o'i yana fama, jikinsa na riƙe lambar da ƙarfin tsiya, sai ya gaji ta faɗo lokaci guda.

Ita kanta na'urar tana da tata matsalar. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka gwada abin da take nunawa da ainihin abin da ke cikin jinin majinyata. A cikin waɗanda ta nuna 92 zuwa 96, baƙaƙen fata da oksijin ɗinsu ya yi ƙasa sosai ba tare da ta tona ba sun kusa ninka fararen fata sau uku. Da na karanta sai 94 ɗin yaron nan ta faɗo mini a rai. Kusan duk majinyatanmu ai su ake nufi. Balle a hunturu, yatsa ya yi sanyi ƙalau, ko amarya ta zo da baƙin lalle har farce. Nan ma sai a hankali. Ba cewa nake a jefar da ita ba, ta ceci rayuka da yawa, kuma ni ce kan gaba wajen faɗa in batirinta ya mutu.

Yaron ya kwana biyar aka sallame su. Ni kuma albashina na farko, agogon maƙalawa na fara saya.

Makon jiya na buɗe takardar wani dattijo da aka maido mana. A layin numfashi, lamba 20 aka yi ta rubutawa tun daga sama har ƙasa, kwana uku, rubutun hannu daban-daban, har da daren da aka garzaya da shi ɗakin kulawa ta musamman.