Sa Hannun Da Ya Ɗaure Ni a Watan Nuwamba

Jami'o'in Amurka da yawa suna karɓar takardun neman gurbi da wuri, galibi zuwa 1 ga Nuwamba, amma sharuɗɗan ba ɗaya ba ne. A tsarin EA (Early Action, wato neman gurbi da wuri ba tare da alkawari ba) ɗalibi yana iya neman jami'o'i da dama lokaci guda, kuma yana da damar yin shawara har 1 ga Mayu. Harvard da Yale da Princeton da Stanford ba sa tilasta wa wanda suka ɗauka ya zo, sai dai sun hana shi neman wasu jami'o'i masu zaman kansu da wuri, ko da yake sun bar masa na gwamnati. Tsarin ED (Early Decision) kuwa alkawari ne: jami'a ɗaya tak, kuma idan ta ɗauke ka, wajibi ne ka janye duk sauran takardunka.

Ni ED na bi, na haɗa da jami'o'in gwamnati biyu ta EA, wanda doka ta yarda da shi. Ni da mahaifina da malamin da ke ba mu shawara a makaranta duk mun sa hannu a takardar alkawarin.

A tsakiyar Disamba aka ba ni gurbi, gida ya cika da murna, har ’yan uwa suna zuwa yi wa mahaifiyata barka. Da muka zauna da takardar tallafin kuɗi, sai muka ga abin da aka bar mana mu biya ya fi ƙarfin gidanmu nesa ba kusa ba, domin lissafin da muka cike ya rushe bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo bayan sakin farashin canji a 2023. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne ba ni da tayin wata jami'a da zan kwatanta, domin sauran biyun ba su fitar da sakamako ba, ga shi ana jiran in janye daga gare su.

Ƙa'idar ta yarda a saki ɗalibi idan tallafin bai isa ba, amma sai ya nema. Mun aika bayanan banki da takardar albashin mahaifina, suka ƙara kaɗan, bai wadatar ba, sannan suka sake ni ana saura ’yan kwanaki a rufe neman gurbi na gama-gari a farkon Janairu. Da ban rubuta maƙalolin sauran jami'o'in tun Oktoba ba, da na yi asarar shekara guda.

Wanda karatunsa ya dogara ga tallafi ya yi dogon nazari kafin ya sa hannu a ED, domin yana sallama damarsa ta kwatanta tayi. Idan kuma ya riga ya sa, kada ya janye takarda ko ɗaya sai ya ga adadin tallafin a rubuce, mahaifinsa ya lissafa shi da naira ya ce zai iya.