Dagona da sanyin safiya

Jiya na leƙa Dagona, wata fadama da tsuntsayen ruwa ke taruwa a can Yobe, wallahi tun asuba muka fito amma hazo ya rufe ko'ina, sai kukan kirinjijiya kawai kake ji, baka ganin komai. Sai wajen ƙarfe 9 iska ta ɗan lafa, kai jama'a, agwagin daji sun cika bakin ruwa, wai wasu tun daga Turai suka taso suka ƙetare Sahara don gudun sanyi. Shamuwa kam tuni ta yi kudu tunda damina ta ɗauke. Mai kwale-kwalenmu yace shekarar da fadama ta cika sosai haka suke tururuwa, in ruwa ya yi ƙaranci sai su zarce gaba. Ni dai batirin wayata ya mutu kafin na samu hoton kirki 😩