Lahadi, ɓarar gyaɗa da sura ta 12

Ruwan daren jiya ya mai da hanyar coci taɓo zalla, sai da na wanke ƙafa a famfon bayan ajin yara kafin in shiga. Auta kuma ya sake cinye kuɗin baikon coci a wurin mai ƙosai. Ban ce masa komai ba tukuna, ina tara masa.

Yau 29 ga Satumba, ranar Mika'ilu da dukan mala'iku, don haka wa'azi a kansu ya tsaya. An karanta Ibraniyawa 1:14, cewa ruhohi ne masu hidima da ake aikowa saboda waɗanda za su gaji ceto. Har nan lafiya lau. Sai lokacin shaida ya yi, wata daga zumuntar mata ta miƙe ta ce motar da ɗanta ya shiga ta yi karo da tirela, mutane sun mutu, shi kuwa ko ƙwarzane. Wai mala'iku ne suka lulluɓe shi da fukafukansu. Aka ɗauki tafi da guɗa. Ni ma na tafa, kada ku ce ban tafa ba. Amma Mama tana gefena, na ga yadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Shekara biyar ke nan da rasuwar Yaya, shi ma a hanya.

Na dawo na tarar da Kaka a ƙofar ɗaki tana ɓarar sabuwar gyaɗa. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Kishiya, wa ya taɓa ki?" Na ce ba kowa. Na zauna ina taya ta, can dai abin ya fito. Na ce, "Kaka, ranar da Yaya ya tafi, nasa mala'ikan ina ya shiga? Ko mu addu'armu ce ba ta kai ba?"

Ba ta amsa ba, ta ce in ɗauko mata Littafinta Mai Tsarki. Tsohuwar fassarar nan ta 1932 da ta gada wurin mahaifinta, wadda ta ce ita ce Hausa, sababbin duk ruwa-ruwa ne. Idonta ba ya ganin ƙananan haruffa yanzu, ni ce mai karatu. Ayyukan Manzanni sura ta 12.

Na san labarin tun ajin yara. Sarki Hirudus ya kulle manzo Bitrus, sojoji 16 suna gadinsa, yana barci tsakanin biyu ɗaure da sarƙa biyu. Mala'ika ya bugi haƙarƙarinsa, ya ce ya sa takalmansa, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Ya je gidan Maryamu yana ƙwanƙwasawa, Roda, baranyar gidan, don murna ta manta ta buɗe, masu addu'a a ciki suna ce mata ai mala'ikansa ne. Wurin nan kullum sai na yi dariya, yau ma na yi.

Kaka ta ce, "Kin yi tsalle. Koma aya ta 2."

Na koma. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Shi ke nan. Aya ɗaya. Shekara nawa ina koya wa yara surar nan, ban taɓa tsayawa a kanta ba.

Ta ce, "Su biyun manzanni ne, sarki ɗaya ya kama su. Kina ganin Yakubu bai iya addu'a ba ne? Mala'ika ɗan aike ne, kishiya. Yaron da aka aika kasuwa ba shi ke faɗin abin da za a dafa ba." Na ce to ai shi ne abin da ke ci mini rai, me ya sa Mai aiken ya aika can bai aika nan ba? Ta watsa ɓawo a kwando ta ce, "Wa ya gaya miki bai aika ba? Li'azarun nan mai gyambo da ya mutu a ƙofar mai arziki, su wa suka ɗauke shi zuwa wurin Ibrahim? Wani aiken na buɗe ƙofa ne, wani na ɗauka ne." Ta ƙara da cewa Yesu kansa ya ce zai iya roƙon runduna fiye da 12 ta mala'iku, bai roƙa ba. Mala'ikan da ya zo masa a daren da aka bashe shi ƙarfafa shi kawai ya yi, aka kuma kama shi.

Ban ce na gamsu ba. Har yanzu da a ce ni aka tambaya, ƙofar nake so a buɗe. Kuma ina jin da matar nan ta tuna akwai uwayen sauran fasinjojin kafin ta ɗaga murya haka. Ko da yake in ɗana ne, wa ya san irin guɗar da zan yi.

Da yamma tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya. Mama ta ci kaɗan. An ɗauke wuta tun ƙarfe 7.

Auta ya zo kwanciya yana tambaya ko mala'ikansa ya ga maganar ƙosan nan. Na ce ya gani sarai. Ya ja zane ya rufe har kai.