Kafin ka saki waƙar wani da muryarka

Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta. Akwai na wanda ya tsara baitoci da kari, akwai kuma na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Idan ka shiga situdiyo ka sake rera waƙar, makaɗinka ya buga sabon kiɗa, sautin ya zama naka, amma baitoci da karin suna nan a hannun mai su. In kuwa ka yanko ko da daƙiƙa biyar ce daga asalin sautin ka ɗora muryarka, ka taɓa haƙƙi na biyu, kuma sai da yardar mai shi.

Da yawa daga cikin kamfanonin da ke kai waƙa Spotify da Apple Music suna aiki ne da dokar Amurka. Sashe na 115 na dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar ya ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka saki a can da izinin mai ita, muddin an biya kuɗin da hukuma ta yanke. Daga 2006 zuwa 2022 santi 9.1 na dalar Amurka ne a kan kowane faifai ko saukewa. A 2023 ya koma santi 12, kuma yana ƙaruwa duk shekara. Waƙar da ta wuce minti biyar da minti ake lissafa ta, santi 2.31 kowane minti a farashin 2023, abin da ya kamata mawaƙanmu masu dogon baiti su lura da shi. Na sauraro kai tsaye kuwa, tun Janairun 2021 manhajojin ne ke biya ta hannun MLC, hukumar da ke tattara wa masu waƙoƙi wannan kuɗi a Amurka. Duk da haka, wajen ɗora waƙar ka nuna cewa ta wani ce, ka sa sunan marubucinta daidai. DistroKid, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke kai waƙa manhajojin, na karɓar kuɗin shekara a kan kowace waƙa don nemo lasisin.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne nan: wannan lasisi bai yarda ka sauya baitoci ko ainihin karin ba. Ɗauko karin waƙar Indiya a zuba mata baitocin Hausa, kamar yadda aka daɗe ana yi a finafinanmu, ya fita daga cikinsa, fassara ma haka. Sai an nemi izini a rubuce daga mai waƙar ko kamfanin da ke kula da ita, kuma suna da ikon cewa a'a. Bidiyo ma lasisinsa daban ne, ba shi da tsayayyen farashi, ciniki ake yi. A YouTube, tsarin Content ID kan gane karin, sai mai haƙƙin ya kwashe kuɗin talla ko ya toshe bidiyon. Rubuta "waƙar ba tawa ba ce" a ƙasa ba ya hana komai.

A Najeriya, dokar 2022 na kare baitoci da kari har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Mamman Shata ya rasu a 1999, wato waƙoƙinsa na da kariya har ƙarshen 2069, magada ake tuntuɓa. Tambayi MCSN, ƙungiyar da ke karɓa wa masu waƙoƙi kuɗin haƙƙinsu a Najeriya, ko waƙar da kake so tana hannunsu, a Nijar kuma hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA. Yarjejeniyar ta faɗi sunan waƙar, ƙasashen da za a sake ta, tsawon lokaci da kason kowa, a sa hannu tun kafin a biya kuɗin situdiyo.