"Da Sauƙi" a Ɗakin Likita

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya aka tura ni wani asibitin gwamnati, sashen da ake ganin likita a koma gida. Aikina auna jini in rubuta a kati, wani lokaci kuma in yi tafinta idan likitan Hausarsa ba ta nuna ba. A kan kujerar nan na fara lura da yadda muke ɓatar da likita da bakinmu, ba da gangan ba.

Mu dai an raine mu da cewa in aka ce "Ya jiki?" ka ce "Da sauƙi," ko da kuwa daren jiya ba ka runtsa ba. A zaure wannan tarbiyya ce. Amma likita da ke da layin mutane har bakin ƙofa, abin da ka faɗa shi zai rubuta.

Ba na mantawa da wani dattijo da na auna jininsa na samu ya hau har 170/100, alhali wata uku ke nan da ɗora shi a kan amlodipine, maganin hawan jini. Likita ya ce, "Baba, ana shan magani kuwa?" Ya ce, "Ana sha, likita, da sauƙi ƙwarai." Har likita ya ɗauki biro zai ƙara masa wani a kai, sai 'yarsa da ta rako shi ta zazzage wata baƙar leda a kan tebur. Kwalin maganin hawan jinin ko rabi ba a ci ba. A gefensa ga katin diclofenac uku, maganin kashe zafin ciwo, duk an ɓare su tas.

Ashe da ya fara maganin ƙafafunsa suka kumbura, sai ya ajiye shi, ya kuma ji nauyin faɗa kada a ce ya raina aikin likita. Kumburin idon sawu kuwa sananne ne ga amlodipine, da ya yi magana tun farko da an rage ko an canza masa. Shi kuma diclofenac mai kemis ya ba shi saboda gwiwa, bai ma lissafa shi cikin magani ba. Alhali shi da ibuprofen suna tayar da jini, suna wahalar da ƙoda, suna kuma jawo gyambon ciki in an daɗe ana sha.

Wani abin da ke ba ni haushi har yau shi ne zuwa da sunan cuta daga gida. "Basir ke damuna." "Sanyi ne." "Taifot ne da maleriya." Mutum goma za su ce basir, kowa da abin da yake nufi: wani jini yake gani a bayan gida, wani cikinsa ke ɗaurewa, wani kuma matsalarsa ta iyali ce, kunya ta hana shi fitowa fili. Likita so yake ya ji ina ke ciwo, tun yaushe, me ke tayar da shi, me aka sha, har da jiƙo da sassaƙe.

Yanzu in zan raka Inna asibiti, tun da dare nake tattara duk abin da take sha a leda, in rubuta ƙorafinta a takarda. Kafin mu fito daga ɗakin likita nakan ce, "Inna, maimaita wa likita yadda za ki sha, ya ji ko daidai ne." Takan harare ni, amma tana maimaitawa.